Fitilar Baban 'Yan Biyu

Mijina mai gyaran rediyo ne, kuma da kunne yake aiki. Wasu masu gyaran sai sun ɗauko mita sun dangwala nan sun dangwala can kafin su gano inda ciwon yake. Shi kuwa kunna rediyon kawai zai yi, ya rufe ido, ya karkatar da kai gefe guda, sai ya gaya wa mai ita abin da ya mutu a ciki. Shagonsa a bakin tasha yake, ɗan ƙaramin ɗaki da in ka shimfiɗa tabarma biyu ya cika. Ni kuma ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Arawa, shi ya sa yake ce mini Malama, ni ina ce masa Malam. Muna haya a Bagadaza, duk a nan cikin Gombe, ɗaki biyu da 'yar baranda.

Da wayoyin hannu suka zo da rediyo a cikinsu, aikin ya ja baya, sai ya koma haɗa fitilu. Lokacin wuta ba ta zama, kuma fitilun cajin da ake shigowa da su ba sa wuce 'yan watanni sai su mutu a jefar. Shi ne yake bin 'yan gwangwan yana tsinto gawarwakinsu. Daga cikinsu yake zare ɗan dogon ƙwan nan fari mai tsawon taƙi guda. Daga tsohuwar rediyo ya ciro baƙin sandan nan da ke kamo murya, ya naɗe shi da siririyar jar waya da ya warware daga matacciyar fanka. Taransisto kuma daga cikin tsohuwar talabijin yake samu. Sai ya yanke galan ɗin man inji, ya zaunar da batirin mashin a ciki, ya zura ƙwan cikin farar gorar ruwa don kada ya fashe, ya ɗaure ta a gaban galan ɗin. Hannun galan shi ne mariƙi. Abin ba kyan gani, na sha gaya masa, amma in ya kama ko allura ce ta faɗi sai ka tsince ta. Masu tsire da masu kifi da masu kayan miya na bakin titi duk sun san shi.

Wahalar aikin duk a naɗin wayar take. In naɗin bai matse ba, fitilar za ta kama lafiya lau, amma za ta riƙa wani siririn kuka, tsiii, wanda ba ya tsayawa. Maganinsa a matse naɗin, a tsoma shi cikin narkakken kyandir, ya bushe ya riƙe wayar gam. Ƙaramar tukunyata ta miya ita ta tafi a wannan hidima, kuma ban yi shiru ba, sai da maƙwabta suka san an ɗauke mini tukunya. Ni dama bakina ba ya ajiye magana. Malam kuwa abin taƙamarsa a duniya guda ɗaya ne, fitilarsa ba ta kuka. Akwai wasu masu haɗawa a cikin kasuwa, in an ambace su sai ya taɓe baki ya ce nasu ai sauro ne a galan.

A jikin shagonsa akwai mai faci, mutumin Kaltungo, Kirista, kowa Baban 'yan biyu yake ce masa saboda tagwayen 'yan matansa. Shekara da shekaru suna tare. In Malam ya tafi masallaci shi ke duba masa shago, ranar Lahadi kuma Malam ke sa ido a kan injin iskarsa. Ƙato ne mai dariya da dukkan jikinsa, kuma bai taɓa kiran mijina da wani suna ba sai Injiniya. Matarsa, Maman 'yan biyu, tana tuyar doya da awara da yamma a bakin titi a Barunde, ita aka haɗa wa fitila. Ranar da ake haɗawa kyandir ya ƙare, Baban 'yan biyu kuma ya tsaya a kansa yana azalzala, sai Malam ya ba shi ita ba tare da ya tsoma naɗin ba. Daga baya ya sha cewa a kawo ta ya ƙarasa, ana ce masa ai tana aiki.

Ta yi kusan wata biyu a wurinsu kafin ta dawo. Baban 'yan biyu ya shigo da ita shago a gaban mutane, ya dire ta a kan tebur, ya ce masu sayen doya sun gaji da marin kunnuwansu, sun ɗauka sauro ne. Ya ce shi har ya fara tunanin saya wa fitilar maganin sauro. Sa'an nan ya matse hanci ya kwaikwayi kukan, shago ya ɗauki dariya. Malam ya dawo gida da ita a hannu, fuska a murtuke, ya kunna mini na ji. Lallai tana yi, har cikin haƙori. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce Allah ya ƙara, gobe ma ka taɓe wa 'yan kasuwa baki. Ya tura ta ƙarƙashin gado ya ce ranar Juma'a zai warware ta.

Ba a kai Juma'ar ba. Shekarun nan ne da ake tare hanya a kowace kwana, kana kan mashin a sauke ka ka tura shi, masallaci ma sai an laluba ka kafin ka shiga. Ba ma kiran sunan masu tayar da bama-baman, yaran nan kawai muke cewa. Ina cikin aji ina rubuta sau bakwai a allo na ji ƙarar. Daga inda muke ba ta yi ƙarfi ba, kamar an buga ƙofar ƙarfe a gidan maƙwabta. Na ci gaba da rubutu har na kai bakwai sau tara. Sai iyaye suka fara shigowa a guje suna jan 'ya'yansu, wani ya ce a tasha ne.

Na kira wayarsa ba ta shiga. Na tafi a ƙafa, don babu abin hawa. Ban yi gudu ba, ban ɗora hannu a ka ba kamar sauran matan da muka jera da su. A wani asibiti na same shi bayan azahar, zaune a ƙasa ya jingina da bango, takalmi ƙafa ɗaya, jini ya bushe daga kunnensa na hagu har wuyan riga. Na tsaya a kansa, abin da ya zo mini kawai shi ne ina hularsa, ga ta sabuwa. Wallahi abin da na yi tunani ke nan. Daga baya na ji yadda aka yi. Wani ɗan noti ne ya faɗi, Malam ya sunkuya ƙarƙashin tebur yana nema. Baban 'yan biyu yana waje, ya durƙusa gaban bahon ruwansa yana neman inda tiyub ke yoyo. Shi ko asibiti ba a kai shi ba, a wurin ya cika.

Ma'aikaciyar jinya ta goge wa Malam kunnen, ta ce ya dawo in mutane sun ragu a duba shi sosai. Bai koma ba. Duk wanda ya zo jaje sai ya ce masa lafiyarsa lau, ko ƙwarzane bai yi ba, a yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Ni ma haka nake cewa. Ina girki, ina zuwa makaranta, ina duba littattafan yara da jan biro. Ban yi kuka ba, shi ma bai yi ba. Na sha zama ina jiran in ji wani abu, tsoro ko baƙin ciki ko ma farin cikin ya tsira, sai in ji wayam. Gishirin miya ma sai na ba wani ya ɗanɗana mini.

An kai gawar Kaltungo. Bayan iyalin sun dawo muka je gaisuwa Barunde. Malam ya tsaya a waje cikin maza. Na shiga na tarar da Maman 'yan biyu zaune kan katifa a ƙasa, matan cocinsu kewaye da ita suna waƙa a hankali da yarensu. Ta riƙe hannuna ta tambayi jikin Injiniya. Ta ce ba za ta iya zaman Gombe ita kaɗai ba, da zarar 'yan biyu sun gama zangon karatun nan za ta kwashe su su koma gida. Har na miƙe sai ta sake jawo ni.

"Malama, fitilar nan," ta ce. "Ki ce wa Injiniya ina sonta kafin mu tafi. Ko bai gyara ba, a kawo mini ita haka nan."

Na ɗauka kara take yi, kada ta ɗora wa marar lafiya aiki. Na dai kai wa Malam saƙon yadda ta ba ni, har da ko bai gyara ba. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce mutumin da ya dawo da fitila don tana kuka, ba za a mayar wa iyalinsa da ita tana kuka ba. A ranar ya jawo ta daga ƙarƙashin gado.

Rufin shagon ya tafi, kuma an killace wurin, don haka a barandarmu ya kafa aiki. Ya hura gawayi ya ɗora ƙarfen narka dalma, ya warware naɗin gaba ɗaya, ya sake shi a hankali, bakinsa na motsi yana ƙirga zagayen. Ya narka kyandir a tsohuwar tukunyata ya tsoma. Da ya bushe ya haɗa komai, ya maƙala waya a kan batir, ƙwan ya ƙyafta sau biyu ya kama. Ya rufe ido ya karkatar da kai. Ina zaune ina tsintar shinkafa na ga fuskarsa ta canja. Ya yi tsaki, ya ce tana nan tana yi.

Ya ce in matso in saurara. Na kai kunnena har ina jin ɗumin ƙwan a kumatuna. Na san kukan, ai na ji shi ranar da aka dawo da ita. Yanzu babu shi. Na ce, "Malam, ni ban ji komai ba." Ya ce ai dole, hayaniyar 'yan aji uku ta gama kashe mini kunne, ko jirgi ya sauka a tsakar gida ba zan ji ba. A lokacin na yarda da shi. Tun da na aure shi kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba, wace ce ni da zan yi musu.

Washegari ya sake warwarewa, haka jibi. Ya canja taransisto, ya canja ƙwan, ya nemo wani baƙin sandan, ya aro batir wurin maƙwabcinmu mai mashin ko nasa ne ke da laifi. Wani mai tsire ya biyo shi har gida yana son fitila. Ya haɗa masa, ya saurara, ya ce ita ma tana yi, ya hana shi. Mutumin ya kasa kunne, ya dube ni, na kawar da kai. Bai sake dawowa ba. Fitilun gidanmu guda biyu ma da suka yi shekaru suna aiki shiru, ya ce sun fara, ya farke su ya kwashe kayan cikinsu.

Jar waya ba ta son yawan naɗi da warwara, tsinkewa take yi. Da tasa ta ƙare, na dawo daga makaranta wata rana na tarar da fankata, wadda na zo da ita daga gidanmu, a buɗe a baranda, ya zare mata hanji. Lafiyarta ƙalau fankar nan. Da a da ne, sai unguwa ta taru. Na tsaya na dube ta, na kwashe fuka-fukan na tura ƙarƙashin gado, na shiga na ɗora girki. Matar da muke haya tare ta leƙo tana jiran ta ji muryata, da ta ji shiru sai ta tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Kullum abin ɗaya ne. Bayan la'asar zai gama naɗi, ya kunna, ya rufe ido, ya yi tsaki. Ya ce na ji? In ce ban ji komai ba. Ya ce to ai ke ce. Sai ya fara warwarewa kafin a kira magariba, don daga nan dokar hana fita ta kusa, kowa ya shige ɗaki.

Ba zan ce ban ga alamu ba. Ya koma zama yana ba ni gefen dama. A yi ta sallama a ƙofa bai amsa ba sai na taɓa shi. Kiran salla sai ya ga maƙwabcinmu ya ɗauki buta sa'an nan ya miƙe. Addarsa, wato yayarsa mace, ta zo dubiya, ta yi masa doguwar magana da Fillanci a kan ya koma asibiti, ya amsa mata da cewa ya ci ya ƙoshi. Rediyon da ba ya rabuwa da ita, tun ranar bai kunna ba. Amma ranar da na tabbatar wata Asabar ce da hantsi. Ina wanki ya fito daga ɗaki yana dube-dube, ya ɗaga labule, ya leƙa bayan ƙofa. Ya tambaya wa ya bar fitila a kunne. Fitilar tana gabana a kan tabarma a wargaje, naɗin a gefe, batirin a gefe, kuma babu wata mai rai a gidan. Na ce masa babu. Ya ce to ta maƙwabta ce, ya koma ciki.

Na ci gaba da wankina. Na gane sarai. Kukan a cikin kansa yake, tare da ƙarar ranar nan ya shiga, kuma muryarsa ɗaya da kukan fitila. Duk naɗin da zai yi a duniya ba zai kashe shi ba. Na kuma san abin da gaya masa yake nufi. Mutumin da bai yi boko mai nisa ba, mita ma ba ta dame shi ba, abin da yake da shi kunnen nan ne. Da shi yake cin abinci, da shi ya aure ni, da shi yake taɓe wa 'yan kasuwa baki. In na ce kunnen ya tafi, me na bar masa? Sai dai kada in yi wa kaina ado, ba tausayi kaɗai ya rufe mini baki ba. Ƙarfin ne ba ni da shi. In na faɗa, wani abu zai tashi a gidan, kuka ko faɗa, kuma dole in tsaya in ji shi. Na fi son ya zauna yana naɗa wayarsa, ni ina tsintar shinkafata. Haka na zuba masa ido ya ƙara mako uku.

Zangon karatu ya ƙare, muka raba sakamako ranar Alhamis. Maman 'yan biyu ta aiko cewa ranar Litinin mota za ta zo kwasar kaya, ta sake tuna mini fitilar. Na gaya wa Malam a kunnen dama. Ya ce in Allah ya yarda za ta gyaru kafin nan, in kuma ba ta gyaru ba, ba za ta fita daga gidan nan ba, sai dai ya bi su da ita Kaltungo daga baya. Na san a kunnensa ba za ta taɓa gyaruwa ba, don haka babu ranar da zai bi su. Matar nan kuma abu ɗaya tak ta roƙa.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya gama wani naɗin, ban san na nawa ba ne. Yatsunsa duk sun tsattsage, kakin kyandir ya cika masa farce. Ya haɗa, ƙwan ya kama. Rana tana kan barandar sosai, hasken fitilar da ƙyar ake ganinsa. Ya rufe ido ya karkatar da kai. Ban shirya ba, ban yi wani dogon tunani ba. Na ajiye farantin shinkafa, na miƙa hannu na zare wayar daga kan batir. Ƙwan ya mutu.

Ya daɗe a haka, ido a rufe. Sai ya girgiza kai.

"Ga shi nan," ya ce. "Yau har ya fi na jiya."

Na matsa gefen damansa na ce, "Malam, buɗe idonka."

Ya buɗe. Ya dubi ƙwan, ya dubi wayar a hannuna, ya dubi kan batirin babu komai a jiki. Ya sake rufe ido, ya saurara, ya buɗe. Ya sa yatsa ya toshe kunnen hagu, ya cire, ya toshe na dama, ya toshe duka biyun. Ina kallonsa yana gwada kansa yadda yake gwada rediyon mutane. Na jira ya yi faɗa, bai yi ba. Kazar maƙwabta ta zo tana cin shinkafar da ke farantin, ban kore ta ba.

Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na ce tun ranar da ya fito neman wanda ya bar fitila a kunne. Ya gyaɗa kai. Bai ce don me ban faɗa ba, ni ma ban kawo dalili ba. Can ya ce, "To ita fa, tun yaushe ta daina?"

"Tun naɗin farko."

Ya dubi tarin guntayen jar waya a gefen tabarma. Ya ce in yi haƙuri da fankata. Abin da ya ce ke nan. Sa'an nan ya karɓi wayar daga hannuna, ya liƙe ta da dalma, ya sa makunni, ya rufe galan ɗin, ya goge gorar da gefen rigarsa. Ya kunna ya miƙo mini, ya ce in saurara masa da kyau, ta kowane gefe. Na saurara ta gaba, ta baya, ta ƙasa. Na ce ban ji komai ba. Wannan karon ya ce to.

Litinin da safe muka kama hanyar Barunde. Sai da muka fito titi na tuna abin da muke ɗauke da shi, galan da batir a ciki da wayoyi. A shekarun nan mutum yana iya rasa ransa a kan abin da bai kai wannan ba. Duk mai mashin da muka tsayar, da ya ga galan ɗin sai ya ƙara wuta. Na ce wa Malam ya kunna ta ya riƙe ta sama inda kowa zai gani. Haka muka tafi a ƙafa, rana ta fito tar, mace da namiji da fitila a kunne. A shingen hanya soja ya ɗaga hannu tun daga nesa, ya ce a ajiye a ƙasa a ja baya. Ya yi wa Malam tambaya, Malam yana kallon bakinsa. Ni na amsa, na ce fitila ce, ta wata ce da mijinta ya rasu a tasha. Ya zagaya ta, ya sa aka kashe aka kunna, ya ce mu wuce. Wani daga cikin masu tura mashin ya yi dariya ya ce Baba ko ranar ce ba ta ishe ka ba. Malam bai ji ba, ni kuma ban gaya masa ba.

Mun tarar an gama ɗaure kaya. A-kori-kura tana ƙofar gida a kunne, an ɗora katifu da kaskon tuya da bahon nan na faci, 'yan biyu suna zaune a kan buhuna a baya. Maman 'yan biyu ta fito cikin baƙaƙen kaya, ta rame sosai. Ta gaida Injiniya, ya amsa abin da ya zaci ta ce. Ya miƙa mata fitilar da hannu biyu, ya ce ta yi haƙuri da jinkiri, an gyara.

Ta karɓa. Ko kallon hasken ba ta yi ba. Ta kashe, ta kunna, ta ɗaga galan ɗin ta manna a kunnenta. Ta juya shi ta ɗaya gefen. Ta ce wa direba ya kashe mota tukuna, ya kashe. Ta sake saurarawa, ta daɗe.

"Ba ta yi," ta ce.

Na ce eh, ya gyara ta tsaf.

Ta sauke ta a hankali. Ta ce kullum in ta kunna ta a wurin tuya, in mijinta ya taso daga aiki ya biyo, tun daga nesa zai matse hanci ya fara tsiii, shi yana yi fitilar tana yi, har sai ta jefe shi da ɓawon doya. Ta ce ba ta da muryarsa a wayarta, ba ta taɓa tunanin ɗauka ba.

"Shi ya sa na ce ko bai gyara ba," ta ce. "Kukan nake so, Malama."

Ba da zafi ta faɗa ba. Har godiya ta yi, ta ce Allah ya saka, ta rungume galan ɗin a ƙirji. Saƙon nan daidai ta ba ni shi, daidai na kai shi, kuma daga ni har Malam babu wanda ya ji. Wancan naɗin mai kuka an warware shi tun makonni, wayarsa ta tsinke ta tafi a shara, kuma ni ce na share ta.

Malam yana kallon bakinta yana kallon nawa. Ya taɓa ni ya tambaya me ta ce. Na yi niyyar in ce godiya take yi. Amma na riga na ɓoye masa sau ɗaya, na ga abin da ya jawo. Na matsa gefen damansa na gaya masa duka, har da ɓawon doya.

Direba ya tayar da mota. Malam ya kai hannu ya taɓa kunnensa na hagu, ya dubi fitilar a ƙirjinta.

"Ki gaya mata kukan bai ɓata ba," ya ce. "Yana wurina."

Na gaya mata. Sai da na maimaita sau biyu, saboda ƙarar motar.